Garejin da ya kwashe min fetur daga tankin dizal a Sabon Gari

Zan sake kai motata wannan gareji, kuma zan tura wani, amma ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana cikin Sabon Garin Zariya, irin garejin nan da ba allo ba suna, sai rumfar kwano da ramin duba mota da tsofaffin injuna jibge a gefe. Maigidan ya fi ƙwarewa a kan injin dizal, shi ya sa manyan motoci suka fi yawa a ƙofarsa. Ni abin da ya haɗa ni da shi fetur ne da aka ɗura min a Hilux mai shan dizal.

A wani gidan mai ne wajen Kwangila, inda famfon fetur da na dizal suke jere. Na ce a zuba lita 30, na juya ina amsa waya, ko da na waigo sai na ga tiyon da yaron gidan man yake mayarwa ba na dizal ba ne. Ban ga laifinsa sosai ba. Yawancin Hilux da ke yawo a ƙasar nan fetur suke sha, hannunsa ya saba. Kuma bakin famfon fetur ya fi na dizal siranta, don haka yana shigewa tankin dizal ba gardama, babu abin da zai tokare ya ankarar da mutum.

Kafin ka ce kwabo an taru, kowa da fatawarsa. Wani direba ya ce, "Alhaji, cika ta da dizal kawai, zai narke a ciki." Wani ya ce a ƙara baƙin mai lita ɗaya, shi ke nan. Wani dattijo ya rantse ya sha yin haka da Marsandi 911 kuma ba ta taɓa ko tari ba. Ban ƙaryata shi ba, don tsofaffin injuna suna da haƙuri idan fetur ɗin kaɗan ne. Amma tankina kusan lita 80 yake ci, dizal ɗin da ya rage a ciki bai kai kwata ba, ka ga ke nan fetur ne ya rinjaya.

Wani abokina ya ba ni lambar makanikin, kuma tun a wayar nan ya ci rabin kuɗinsa. Bai tambayi inda nake ba sai da ya ce, "Ka tayar da ita?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yallaɓai, zare makullin ka sa a aljihu. In za a tura ta, murɗa shi sau ɗaya kawai sitiyari ya saki, kada ka bari fitilun gaban direba su kawo." Dalilinsa shi ne akwai motocin da da zarar fitilun sun kawo, ƙaramin famfon da ke tanki ya fara tura mai gaba, ko ba a tayar da injin ba. Ya ce bai ga motar ba tukuna, don haka ba zai yi caca da ita ba. Da hannu aka tura ta gefe.

Daga baya, muna zaune a kan benci, ya yi min bayanin da ya sa na daina jin haushin kuɗin janwe. Dizal yana da maiƙo, kuma wannan maiƙon ne yake shafe cikin babban famfon mai da injekta, ba baƙin man inji ba. Fetur kuwa wanke maiƙo yake yi. Injin irin na motata, wanda Toyota ke kira D-4D, yana matsa mai da ƙarfin da ya haura 1,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan famfon ba ta kai kaurin gashi ba. Idan suka bushe sai su fara cin juna, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga injekta huɗun, ragowar ya dawo tanki ta bututun dawowa. A nan magana ta wuce kwashe mai, ta koma sayen famfo da injekta da wanke duk hanyar. Ga kuma bambancin ƙonewa: dizal matsi ne ke kunna shi, fetur kuwa an yi shi ne don ya jira tartsatsin fulogi, shi ya sa motar da aka tuƙa a haka take ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ta yi hayaƙi, ƙarfinta ya ragu, daga nan ta mutu a hanya. Ya ɗauko wani famfo da ya cire daga motar wani, ya goga yatsa a ciki ya nuna min. Yatsan ya fito yana ƙyalli da ɗan garin ƙarfe.

Aikin kansa ya yi shi da natsuwa. Ban yarda da masu zura tiyo ta bakin tanki su tsotsa da baki ba, shi ma bai yi hakan ba, ya ce tiyo ba ya kai wa ƙasan tanki, kullum sai an bar saura. Cire kan batir ya fara yi, sannan yaransa suka zuƙe abin da zai zuƙu, suka kwance tankin gaba ɗaya suka sauke shi, suka juye, suka ɗauraye da dizal mai kyau. Ya hura bututun, ya canza filta duk da ya ce da wuya fetur ya kai gare ta. Abin da ya burge ni gwajin da ya yi kafin ya yarda a tayar: ya ɗiga man da ke fitowa a kan guntun kwali ya ajiye a rana. Fetur bushewa yake ya ɓace, dizal kuwa sai ya bar tabon maiƙo. Ya kuma murza ɗigo tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Sai da ya gamsu sannan ya hau danna ɗan famfon hannun da ke saman filta har ya yi tauri, alamar iska ta fita. Ta ɗan ja kafin ta tashi, ya bar ta tana aiki a tsaye yana saurare, sannan muka zaga da ita ta unguwar PZ muka dawo.

Inda ban ji daɗi ba, na farko, janwen. Shi ya ce zai turo, aka ce min "ga shi nan a hanya" tun bayan azahar, bai iso ba sai da aka yi la'asar, kuma kuɗin da aka faɗa a waya ba shi aka karɓa ba, wai ba a san motar babba ba ce. Na biyu ya fi damuna. Man da aka kwashe, a buɗaɗɗen baho aka fara tara shi, alhali ga mai walda yana aiki a rumfar da ke maƙwabtaka. Tururin fetur ƙasa yake bi, ba ya buƙatar wuta ta taɓa bahon kafin ya kama. Sai da na yi magana aka kawo jarkoki masu murfi, aka kuma roƙi mai waldan ya dakata. Mutumin da ya hana ni murɗa makulli bai kamata a ce ni nake tuna masa wannan ba. Filtar ma ya so ya aika yaro ya sayo ba tare da na gani ba. Na ce a kawo da kwalinta in duba, don jabu ta yi yawa a kasuwar kayan gyara.

Ta ɓangaren kuɗi bai tsawwala ba. Ladan aikinsa da kuɗin filta a haɗe ba su kai kuɗin man da ya lalace ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lita 30 ba abin da mutum zai yafe da murmushi ba ne. Manajan gidan man ya mayar min da kuɗin fetur ɗin bayan doguwar magana, amma dizal ɗina da ya gauraya da kuɗin janwe, ni na ɗauka. Na roƙi kada a cire daga albashin yaron.

Motar tana zuwa gona wajen Giwa da kaya, tana dawowa, ban ji wani sabon sauti ba, shan manta ma bai canza ba. Gaurayen man kuwa wani mai janareto ya zo har garejin yana tayawa, makanikin ya hana, ya ce ba zai yi wa injin fetur daɗi ba balle na dizal. Ya riƙe jarkokin don wanke kayan inji, ya rage min wani abu daga ladansa.