Shuka a buhu ko a fangali?

Ɗan haya, ko wanda tsakar gidansa duk siminti ne, buhu ya fi masa. Ka samu tsohon buhun shinkafa, ka huhhuda gindinsa, ka cika shi da ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki. Tumatir, attaruhu, alayyafo, duk suna yi. Na'a-na'a ma gara a tsare ta a buhun, don in ta samu fili sai ta mamaye ko'ina. Ga ado kuma, in an jera su a gindin katanga tare da tsofaffin bokitai da aka shafa wa fenti. Matsalarsa ƙishi: a zafin Afrilu ƙasar kan bushe kafin la'asar, dole ban ruwa safe da yamma, rana kuma tana cin buhun har ya yage.

Fangali kuwa yana riƙe danshi, saiwa tana sakewa. Ni dai kuɓewa da yakuwa da zogale ba na kai su buhu, takura su ne kawai. Sai dai ka shirya cire ciyawa, ka kuma yi shinge, in ba haka ba kajin maƙwabta su tone irin tun bai tsiro ba.