Ziyarar Masallacin Menara Kudus tare da ɗan jagora

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke birnin Semarang na ƙasar Indonesiya yana kai baƙi garin Kudus, tafiyar kimanin kilomita 50, inda ya haɗa mota da ɗan jagora da abincin rana a farashi guda. A ganina ɗan jagoran ne ya sa kuɗin ya biya, domin wanda ya je shi kaɗai zai iya tsayawa gaban hasumiyar masallacin bai gane abin da yake kallo ba.

Malamin da ake kira Sunan Kudus ("Sunan" laƙabin girmamawa ne), ɗaya daga cikin waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a tsibirin Java, shi ne ya gina masallacin a shekarar 1549. Hasumiyarsa ta jan bulo, mai tsawon kusan mita 18, an ɗaga ta ne bisa fasalin wuraren bautar Hindu na zamanin tsohuwar daular Majapahit ta Java, kuma a samanta akwai babbar ganga da ake bugawa don sanar da lokacin salla. Ɗan jagoran bai bar mu mun tsaya daga nesa ba, ya matso da mu har jikin bangon, ya nuna mana farantan tangaran da aka liƙa a tsakanin bulo, abin da ya tuna mini da jeren ɗakin amarya. Daga nan ya kai mu wurin alwala mai bakin ruwa takwas, da wata ƙofa da aka raba gida biyu, yana bayyana cewa malamin ya zaɓi ginin da mutanen garin suka saba da shi ne don kada su ji sabon addinin baƙo ne a gare su.

Abincin ma yana da nasaba da wannan hikima. Saboda girmama maƙwabtansa 'yan Hindu, Sunan Kudus ya hana yanka shanu, shi ya sa romon da aka ba mu na naman ɓauna ne, mai laushi da ƙamshi.

Inda kamfanin ya gaza shi ne tsarin lokaci. Mun isa da rana tsaka, masu ziyarar kabarin malamin sun cika farfajiya, aka kuma yi ta gaggauta mu. Duk mai niyyar zuwa ya nemi a tashi da shi tun da asuba, kuma ya tabbatar an ware masa lokacin yin salla a cikin masallacin.