Kwana biyu a Den Oever, bakin madatsar tekun Holan

Ɗakin da na kama a Den Oever yana saman gidan wata dattijuwa, tafiyar minti biyar zuwa tashar jiragen masunta. Juma'a da Asabar na kwana, kuma har da keken hawa a cikin kuɗin. Gado tsaf, ruwan zafi ba ya yankewa, da safe ga burodi da cuku da dafaffen ƙwai. Sau ɗaya na gaya mata ba na cin alade, ba ta ƙara ɗora min nama kowane iri a faranti ba. Wannan ya yi min daɗi ƙwarai.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba. Matakalar benen a tsaye take ga ƙunci, mai ciwon gwiwa kada ma ya fara. Sannan a tallar ɗakin an ce za ka iya tsallake madatsar a kan keke, alhali lokacin da na je an rufe hanyar kekuna saboda gyara. Sai da na isa bakin shingen na sani. Akwai motar da ke kwasar mutane da kekunansu kyauta, ita na shiga, amma ya kamata a faɗa wa baƙo tun kafin ya biya.

Madatsar ita ta kawo ni, kuma ta biya ni. Sunanta Afsluitdijk, tsawonta kilomita 32, daga bakin ƙauyen nan har lardin Friesland. An fara aikinta a 1927, aka toshe kafar ƙarshe ranar 28 ga Mayu 1932. Na tsaya a kanta iska na neman ture ni. Hannun hagu tekun Wadden, ruwan gishiri mai cika yana janyewa, laka na ƙyalli, tsuntsaye na kiwo a kai. Hannun dama tafkin IJsselmeer, ruwan daɗi, kwance luf. Kafin a gina ta duk ruwa ɗaya ne, tekun Zuiderzee, wanda ya yi mummunar ambaliya a 1916. A nan gefen Den Oever akwai manyan ƙofofin ruwa da ake buɗewa idan teku ta janye, a saki rarar tafkin. Na daɗe ina kallon ruwan yana fita da ruri. Ga kuma mutum-mutumin injiniya Cornelis Lely, wanda ya tsara aikin, ya rasu a 1929 bai ga an gama ba. Raina ya sosu da na tsaya a gabansa.

Garuruwan masunta da yawa sun rasa sana'arsu da ruwan ya koma na daɗi. Den Oever ta tsira da bakin teku, shi ya sa har yau jiragenta ke fita, kowanne da harufan WR a goshi, wato Wieringen, tsibirin da ƙauyen yake kai kafin a haɗe shi da tudu a 1924. Ranar Asabar da safe ake cin kasuwar kifi a tashar. Na sayi jatan lande ƙanana, waɗanda tun a cikin jirgi ake dafa su. Wani tsoho ya nuna min yadda ake ɓare su: ka murɗa tsakiya, ka ja wutsiya, ɓawon ya zame. Na ƙara da soyayyen kifin da suke kira kibbeling, da zafinsa, na ci a tsaye a bakin ruwa.

Ƙauyen yana yin tsit da wuri, don haka a tanadi abincin dare tun da sauran rana. Wanda zai je ya shiga ranar Juma'a don kada kasuwar ta wuce shi, ya kuma tafi da rigar sanyi ko da bazara ce. Ni dai in Allah ya yarda zan koma ɗakin nan idan an buɗe hanyar kekunan.