Sun iya datse rassa, amma sun kore min gizo-gizo

Na ɗauki wasu masu datse rassa su yi wa bishiyoyin lambuna aski, mangwaro da goba da 'yan lemo, don sun cunkushe har rana ba ta ratsawa. Hannunsu da kyau, wannan kam ba na musu. Zarto da kaifi, yanka sumul, ba su bar dungu ko tsagaggen reshen da ruwa zai kwanta ya ruɓar ba. Tarkacen ma sai da suka kwashe.

Inda muka saɓa shi ne cikin bishiyar. Sun share ƙananan rassan tsakiya kakaf, har tsohon ɓawon da ya ɗago a jikin kututture suka kankare, wai tsabta. Alhali nan ne mazaunin ma'aikatana na kyauta, wato gizo-gizo masu cinye min ƙwari. Gizo mai saƙa sai ya sami rassa biyu ko uku kusa da juna zai kafa zarensa. In tazarar ta yi yawa, ko iska na bi ta tsakiya tana tsinka masa, tashi yake. Shi kuwa ɗan ƙaramin nan mai tsalle, mai manyan idanu biyu a gaba, ba ya saƙa tarko, bin ƙwaro yake ya cafke, ya kwana a tsagar ɓawo. Wasu ma a naɗaɗɗen ganye suke ajiye jakar ƙwansu, duk an zubar.

Da can in na shiga da asuba, raɓa kan fito da yana ko'ina, har ta manne min a fuska in yi tsaki. Bayan aikin sai na zagaya bishiya biyar ban ga uku ba. Da sabon toho ya fito, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ta lulluɓe lemon, ganye ya nannaɗe, tururuwa na hawa da sauka. Gobar ƙarshen layi, wadda dare ya hana su taɓawa, yanarta na nan, da ƙudaje rataye a ciki.

Na gaya wa shugabansu, ya yi dariya, ya ce in yi feshi. Feshin da zai ƙarasa sauran! Kwali mai ramuka na ɗaɗɗaura a kututtura, da na kwance ɗaya bayan makonni na tarar da gizo huɗu a laɓe.

Baɗi zan sake kiransu, amma ina tsaye a gindin kowace bishiya, kuma ba mai taɓa ɓawo.