Ƙwayar levodopa da carbidopa: abin da take yi a ƙwaƙwalwar mai ciwon Parkinson, da inda take gazawa

Wanda ya je kemis neman maganin ciwon Parkinson, wanda mutanenmu ke kira ciwon karkarwa, zai ga kwali mai lamba biyu: 10/100, 25/100 ko 25/250. Ƙaramar lambar miligiram ɗin carbidopa ce, babbar ta levodopa. Sunan da ya fi shahara shi ne Sinemet, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1975, sai Madopar na kamfanin Roche, wanda benserazide ke tsayawa masa a gurbin carbidopa. Wajen sakin jikin da ya sandare, har yau babu maganin da ya kama ƙafar wannan haɗin. Sai dai magani ne mai sharaɗi da yawa, kuma sau da dama idan iyali suka ce "ya daina karɓarsa", in an bi diddigi sai a tarar matsalar tana wajen shan.

Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani baƙin gurbi da likitoci ke kira substantia nigra. Jijiyoyin wurin ne ke aika sinadarin dofamin zuwa futamen, inda ake ba motsi izinin tashi. Kafin hannu ya soma rawa, kusan rabinsu ko fiye sun riga sun mutu. Oleh Hornykiewicz ne ya gano wannan ƙarancin na dofamin a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1960, George Cotzias kuma ya nuna a Amurka a 1967 cewa idan aka ba da levodopa ta baki, ana ƙarawa sannu a hankali, wanda ya kafe zai miƙe. Shi dofamin ba ya iya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Levodopa tana ƙetarewa, a can ciki a mayar da ita dofamin. Aikin carbidopa shi ne ta hana a canza ta tun a hanji da cikin jini, domin dofamin ɗin da aka yi a waje ba abin da yake haifarwa sai tashin zuciya, amai da jiri.

A nan 10/100 ke faɗuwa. Jiki na bukatar carbidopa miligiram 70 zuwa 100 a rana kafin wannan garkuwar ta cika. Ƙwaya uku na 10/100 miligiram 30 kawai ke bayarwa, uku na 25/100 kuwa 75. Ga mai farawa 25/100 ta fi, ko da ɗayar ta fi araha ko ita ce a kanta.

Abin da maganin ke yi bayan ya isa an saurare shi kai tsaye. Sa'ad da ake tiyatar dasa wayar lantarki a ƙwaƙwalwa, likitoci sun sami damar auna bugun wani ɗan gurbi mai suna sabtalamus. In babu magani a jiki, jijiyoyinsa da na sashen motsi da ke saman ƙwaƙwalwa sukan kama bugawa tare, sau 13 zuwa 30 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake kira bugun beta. Kamar kasuwa ce da kowa ya bar ciniki ya koma tafi a lokaci guda, ga ƙara ta cika wuri amma ba saƙon da ke wucewa. Peter Brown na Landan da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa levodopa na karya wannan haɗin bakin. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa gwargwadon raguwar beta, gwargwadon sassaucin taurin gaɓoɓi da nauyin motsi. Hoton MRI ma ya nuna sashen da ke tsara motsi kafin a yi shi, wanda ke yin sanyi in babu magani, yana farfaɗowa bayan an sha, kodayake ba ya komawa daidai da na mai lafiya.

Karkarwar kanta kuwa ba ta bin wannan lissafin sosai, domin zagayen da ke riƙe ta ya ratsa ta ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya. Shi ya sa za a ga dattijo ya sha ƙwaya, bayan minti 40 ya tashi daga tabarma ba mai kama shi, ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, amma babban yatsa na nan yana murza ɗan ali kamar mai jan carbi. Iyali sai su ce magani bai yi ba, saboda hannun suke kallo. Abin dubawa shi ne tashi daga zaune, faɗin taku, juyi a shimfiɗa da girman rubutu. Faɗuwa, shaƙewar murya da sarƙewa wajen haɗiya, su ma ba kasafai suke jin maganin ba in ciwo ya yi nisa.

Babban aibin maganin shi ne ba ya zaɓen inda zai sauka. Ciwon ya fi cin bayan futamen, ya bar sashen ƙasa mai kula da sha'awa da jin daɗin samu kusan lafiya lau a farkon shekaru. Ƙwayar kuwa kamar mai ban ruwa ce da ya saki ruwa ga fadama duka: fangalin da ya bushe ya farfaɗo, wanda ke da danshi ya yi ambaliya. Daga nan ake samun gaggawar yanke shawara, kashe kuɗi ba lissafi, caca, yawan ci ko sha'awar jima'i da ta wuce ƙima. Wannan ya fi tsanani ga pramipexole da ropinirole, masu kwaikwayon dofamin: wani babban bincike na 2010 ya same shi a kashi 17 cikin 100 na masu shan irinsu, kashi 7 ga waɗanda ba sa sha. Mara lafiya ba zai faɗa da bakinsa ba, sai likita ya tambayi matar ko 'ya'yan.

Rabin levodopa ɗin da ke cikin jini kan ɓace cikin minti 90. A farko ba a lura, domin ragowar jijiyoyin na ajiye dofamin suna sakinsa kaɗan-kaɗan, ƙwaya uku ta wadaci yini. Da suka ƙara mutuwa sai rumbun ya rushe, ƙwaƙwalwa ta koma bin hawa da saukar maganin a cikin jini. Jiki ya riƙa kafewa kafin lokacin ƙwaya ta gaba, ko kuma in magani ya kai ƙololuwa wuya, kafaɗa da ƙafa su kama murɗe-murɗe da kansu. Kusan huɗu cikin goma kan gamu da wannan bayan shekara 4 zuwa 6. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki murɗewar a matsayin karkarwa a ƙara ƙwaya, abin ya ƙaru. Likita kan rage yawan kowane sha ya matso da lokutan, ko ya haɗa da entacapone miligiram 200 don tsawaita aikin, ko amantadine don kwantar da murɗewar.

Tsoron nan ya sa wasu ke jinkirta farawa, wai kada maganin ya ƙare musu. Binciken da Roberto Cilia da abokansa suka wallafa a 2014 a kan marasa lafiya 91 a Gana, waɗanda suka daɗe kafin su sami levodopa, ya nuna matsalolin sun zo musu a kusan shekarun ciwo ɗaya da na Italiyawan da suka fara da wuri. Tsawon ciwon da yawan abin da ake sha a rana ne ke kawo su. Jinkiri asarar shekarun tafiya ne kawai. Wani gwaji a Holan a 2019, na mutum 445, ya ƙara da cewa maganin ba ya rage gudun ciwon, ba ya kuma ƙara shi.

Sai batun ciki. A farkon ƙaramin hanji ake tsotse levodopa, ta ƙofa ɗaya da sinadaran gina jiki, haka ma a shingen ƙwaƙwalwa. Wanda ya haɗiye ta da ƙosai, awara, ƙwai, tsire ko fura da nono ya haɗa ta da 'yan rige-rige. A sha da cikakken kofin ruwa minti 30 kafin abinci ko awa ɗaya bayansa. In zuciya na tashi, ɗan biskit ko burodi ya isa. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tana kama ta a hanji, a raba su da awa biyu. Taurin bayan gida na jinkirta aikinta ƙwarai. Samfurin da aka rubuta wa CR a hankali yake narkewa, ba a dakawa, ba a taunawa. Fitsari ko gumi ya yi duhu ba abin damuwa ba ne, amma jiri in an miƙe yana bukatar a auna jini a kwance da a tsaye.

Magungunan metoclopramide, prochlorperazine, haloperidol da chlorpromazine duk suna toshe inda dofamin ke sauka, su warware aikin levodopa, kuma biyun farko su ne ake saurin miƙa wa mai amai ko jiri a kemis. Benzhexol, wanda aka fi sani da Artane ko Exol, yana da araha kuma yana ɗan taɓa karkarwa, amma ga tsoho yana kawo ruɗewa, mantuwa da riƙewar fitsari. 'Ya'yan karara na ɗauke da levodopa da gaske, sai dai babu carbidopa a ciki kuma ƙarfinsu ya bambanta daga shuka zuwa shuka, don haka ba a musanya su da ƙwaya a gida.

Yanke maganin farat ɗaya na iya jawo zazzaɓi mai zafi, sandarewar jiki da gushewar hankali, har ta kai ga rai. Mai niyyar azumi ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, wanda za a kwantar a asibiti kuma ya tafi da ƙwayoyinsa da takardar lokutan shansu. Wajen saye a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a karanta lambobin biyu duka don kada a miƙo 25/250 a madadin 25/100, a kuma sayi na gaba tun da sauran na mako biyu a hannu, domin ba kowane kemis ke ajiye shi ba.