Tsakanin Turin da Lisbon: Sharhi Kan Faifai Biyu na La Traviata

Wata uku ke nan ina jujjuya faifai biyu na wasan opera mai suna La Traviata, kuma a dukkansu shahararriyar mawaƙiya Maria Callas ce ta fito a matsayin Violetta, wadda labarin ya ginu a kanta. Na farkon an naɗe shi a ɗakin naɗar sauti a birnin Turin na ƙasar Italiya, a watan Satumba na 1953, domin kamfanin Cetra. Na biyun kuwa gidan rediyon ƙasar Fotugal ne ya ɗauko shi kai tsaye daga dandamalin gidan wasan São Carlos da ke Lisbon, a daren 27 ga Maris 1958, jama'a na zaune suna kallo. Na Turin na fara saya, domin a lokacin ina ganin cewa aikin da aka yi a natse, aka maimaita shi har ya gyaru, dole ya fi wanda aka yi sau ɗaya a gaban taro. Da na Lisbon ya zo hannuna, ban kai ƙarshen kashi na farko ba na kashe na'urar, raina a ɓace, ina ganin na zubar da kuɗina. Yanzu kuwa shi ne kusan kullum a cikin na'urar, kuma yadda ra'ayina ya juya shi ne dalilin wannan sharhi.

Ga wanda bai saba da opera ba, wasan kwaikwayo ne da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, makaɗa na zaune a wani rami gaban dandamali suna raka mawaƙa. Giuseppe Verdi ne ya tsara kiɗan La Traviata, Francesco Maria Piave ya rubuta baitocinsa, aka fara nuna shi ranar 6 ga Maris 1853 a gidan wasan La Fenice da ke Venice. Violetta mace ce mai zaman kanta, wadda attajiran Faris ke ɗawainiya da ita, kuma tana fama da tarin fuka. Ta kamu da son wani saurayi mai suna Alfredo, ta bar rayuwar da ta saba ta koma bayan gari tare da shi, sai mahaifinsa Germont ya zo ya roƙe ta da ta rabu da ɗansa, domin zamansu zai ɓata auren ƙanwar Alfredo. Ta amince, ta ɓoye wa Alfredo dalili, ya ci mutuncinta a bainar jama'a, kuma gaskiya ba ta bayyana ba sai da ciwon ya ci ƙarfinta. Kashi uku ne, kuma kowane kashi kamar wata murya dabam yake nema daga mace ɗaya, ta annashuwa da gudu a farko, ta ciwon zuciya a tsakiya, sannan ta mai jinya a ƙarshe.

Abin da ya sa wannan kwatanci yake da muhimmanci shi ne, faifan Turin shi kaɗai ne cikakken La Traviata da Callas ta naɗa a ɗakin naɗar sauti. Yarjejeniyarta da Cetra ta hana ta sake naɗar wasan ga wani kamfani sai bayan wasu shekaru, don haka da kamfanin EMI ya tashi yin nasa a 1955, sai ya ɗauki Antonietta Stella a ƙarƙashin jagorancin Tullio Serafin, abin da ya jawo tsamin dangantaka tsakanin Callas da Serafin na ɗan lokaci. Saboda haka duk wanda ke son jin yadda ta ƙara fahimtar Violetta bayan 1953, ba shi da inda zai nufa sai naɗe-naɗen dandamali.

A Turin, Callas tana da shekara 29, kuma muryarta cike take, mai kauri, ba ta nuna alamar gajiya ko kaɗan. Wannan ya fi fitowa a ƙarshen kashi na farko, inda Violetta ke zaune ita kaɗai bayan baƙi sun watse, tana gardama da zuciyarta, sannan ta ɓarke da waƙar da ake kira Sempre libera, wadda ke cike da hawa da sauka cikin sauri. A ƙarshen waƙar akwai wani sauti mai tsananin tsayi wanda Verdi bai rubuta ba, mawaƙa ne suka saba ƙara shi, kuma a Turin ta kama shi daram, ba tangarɗa. Sautin faifan tsoho ne, mai fitowa ta hanya ɗaya, kuma gogunan makaɗan suna ɗan bushewa a kunne, amma babu hayaniya, kowace kalma tana fita sarai. Wanda ke bin baitocin Italiyanci da fassara a hannu zai ji daɗin wannan faifai, domin babu abin da zai raba masa hankali.

Matsalar ita ce, Callas kamar ita kaɗai take wasan. Gabriele Santini, wanda ya jagoranci makaɗan gidan rediyon Italiya na Turin, yana tafiyar da kiɗan a hankali da taka-tsantsan, har a wuraren da labarin ke neman a ji zafi. Francesco Albanese da ya fito a matsayin Alfredo yana rera abin da aka rubuta daidai, amma ban taɓa yarda cewa wannan mutum zai iya haukacewa a kan mace ba. Ugo Savarese kuwa, a matsayin Germont, yana magana da Violetta kamar mai karanta mata takardar sanarwa. Ganawar waɗannan biyu a kashi na biyu ita ce zuciyar wasan gaba ɗaya, kuma idan uban bai matsa ba, sadaukarwar da matar ta yi sai ta rasa nauyinta. A nan na fara gane cewa tsabtar sauti ba ta isa ta ɗauki wasa irin wannan ba.

Na Lisbon yana da laifuffuka, kuma bai kamata a ɓoye su ga mai niyyar saye ba. Babba a cikinsu shi ne mai tuni. A gidajen opera akwai mutumin da ke zama a wani ɗan akwati a bakin dandamali, 'yan kallo ba sa ganinsa, aikinsa shi ne ya furta kalmomin farko na kowane baiti kafin mawaƙi ya kai gare su, don kada ya manta. A wannan dare makirfo ya kama muryarsa, saboda haka sau da yawa sai ka ji wata murya ta namiji ta riga Violetta faɗin abin da za ta rera. Ranar farko wannan ne ya sa na kashe na'urar. Bayan shi akwai tarin 'yan kallo, da takun ƙafa a kan katako, da muryar da ke yin nisa idan mawaƙi ya juya baya ko ya matsa gefe, da kuma tafi da ke katse labari bayan manyan waƙoƙi. Na lura cewa saurare da abin sawa a kunne yana ƙara fito da mai tunin, amma idan aka saki sautin a ɗaki ta lasifika, yakan ja baya har kunne ya saba da shi.

Muryar Callas ma ta sauya. Tsakanin faifan biyu ta rage ƙiba sosai, ta yi aikin Violetta a gidan wasan La Scala na Milan a 1955 a ƙarƙashin shirin Luchino Visconti da jagorancin Carlo Maria Giulini, kuma ƙasa da wata uku kafin daren Lisbon ta shiga rikicin da jaridu suka yi ta yayatawa, lokacin da ta kasa ci gaba da wasan Norma a Rum bayan kashi na farko, ranar 2 ga Janairu 1958, shugaban ƙasar Italiya na zaune. A Lisbon muryar ta sirance, kuma idan ta hau sama da ƙarfi takan yi rawa. Wancan sauti mai tsayi na ƙarshen kashi na farko ta kai gare shi, amma ana jin cewa da yaƙi ta kai. Idan awon lafiyar murya kawai ake yi, Turin ya yi nasara ba tare da jayayya ba.

Sai dai daga lokacin da Germont ya shigo, lissafin ya canza. Mario Sereni, wanda ya fito a matsayin Germont a Lisbon, yana da murya mai taushi da dattako, kuma yana rera roƙon nasa kamar uban da ya yarda cewa gaskiya yake bi, wanda hakan ya fi mugunta ciwo. Akwai wurin da Violetta ke sallamawa, ta ce a gaya wa yarinyar cewa wata ta sadaukar da farin cikinta dominta. A Turin Callas ta rera wannan wuri da kyau da cikar murya. A Lisbon kuwa ta sassauta muryar har ta koma kamar zare, ta cire mata duk wani ado, kamar wadda aka zare wa laka, kuma duk da haka kalmomin suna isa. Na mayar da wannan wuri baya fiye da sau goma ina kwatantawa, kuma kowane karo sai in ga cewa a Turin mawaƙiya nake saurare, a Lisbon kuwa mace ce da aka karya wa zuciya a gabana. Jim kaɗan bayan haka, inda take bankwana da Alfredo ba tare da ya san bankwana ba ne, ta saki duk ƙarfin da ta tanada a cikin baiti guda, kuma rawar muryar da na ɗauka aibi a kashi na farko ta zama ita ce ke ɗauke da kukan.

Alfredo Kraus, wanda ya fito a matsayin Alfredo a Lisbon, shi ne riba ta biyu. Ɗan tsibiran Kanari ne na ƙasar Sifen, yana da shekara 30 a lokacin, bai daɗe da fara fitowa a manyan dandamali ba, kuma ƙuruciyar tana cikin muryarsa. Idan yana bayyana soyayyarsa a kashi na farko, ana jin saurayi mai kunya da ya tattaro ƙarfin hali, kuma idan ya watsa wa Violetta kuɗin caca a gaban baƙi a gidan ƙawarta Flora, ana jin yaron da fushi ya rufe wa ido. Franco Ghione da ya jagoranci makaɗan ba wani abin mamaki ya yi ba, 'yan amshin ma a wasu wurare ba su tafiya tare daidai, amma yana sauraren mawaƙansa, yana ba su sarari inda suke bukata.

Kashi na uku shi ne ya yanke mini hukunci. Violetta na kwance, kuɗinta sun kusa ƙarewa, ana bikin gari a titunan Faris, ta ɗauko wasiƙar Germont tana karantawa da magana, ba da waƙa ba, goge na bi a hankali a ƙarƙashin muryarta. A Turin karatun a tsare yake, kamar na wadda ta san ana naɗa. A Lisbon muryar a dushe take, numfashi na yankewa tsakanin jimloli, kuma da ta kai ga cewa lokaci ya ƙure, sai abin ya fito kamar ƙara daga ƙirji. A nan ne wani abu ya faru da ni wanda ban zata ba, wato tarin 'yan kallo ya daina damuna. A wasan da jigonsa mace ce mai ciwon ƙirji, tari daga cikin duhun zauren sai ya zama kamar wani ɓangare na ɗakin jinyar, kuma idan zauren ya yi tsit, wannan shirun yana da nauyin da shirun ɗakin naɗar sauti ba shi da shi, domin shirun mutane ne masu yawa da suka riƙe numfashi.

Akwai abin da faifan biyu suka yi tarayya a kai, kuma ya kamata mai saye ya sani. Dukkansu sun bi al'adar zamaninsu ta datse wasu sassa, don haka babu waƙa ta biyu ta Alfredo da ta Germont a kashi na biyu, kuma manyan waƙoƙin Violetta biyu an rera baitinsu na farko ne kawai. Wanda ke son jin duk abin da Verdi ya rubuta sai ya nemi wani naɗi na baya-bayan nan. Ta fuskar samuwa kuwa babu wahala, domin kamfanin Warner ya sake gyara sautin na Turin a cikin tarin ayyukan Callas da ya fitar a 2014, na Lisbon kuma yana cikin tarin naɗe-naɗenta na dandamali da ya fito a 2017. Gyaran ya rage ƙura, amma bai kori mai tuni daga akwatinsa ba.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da Turin, ya bi labarin da fassara sau biyu ko uku har ya san inda kowace magana take, sannan ya koma Lisbon, domin wanda bai san wasan ba hayaniyar za ta kore shi kamar yadda ta kusa kore ni. Ni kaina na taɓa gwada wata dabara, na jera kashi na farko daga Turin, na biyu da na uku daga Lisbon, da nufin in haɗa lafiyar murya da zurfin wasa a zama ɗaya. Dabarar ba ta yi aiki ba. Violetta ta Turin ƙosasshiya ce, babu wanda zai ji ta a wurin liyafa ya yi zaton tana ɗauke da ciwon ajali, alhali ta Lisbon tun daga gaisuwarta ta farko da baƙi akwai wata gajiya a ƙarƙashin dariyarta, kuma wannan gajiyar ce ke girma har ta kwantar da ita. Da na tsallake kashi na farko na Lisbon, sai matar da ke mutuwa a ƙarshe ta zama baƙuwa a gare ni, don haka na goge jerin, na koma saurarensa daga farko tare da mai tuninsa da masu tarinsa.