Elite Prospects: Shafin da Ke Nuna Inda Ƙungiyoyin Hoki Suke Ɓarar da Matasansu

Na daɗe ina amfani da shafin Elite Prospects, wanda aka kafa a ƙasar Suwidin a shekarar 1999 domin tattara tarihin 'yan wasan hokin ƙanƙara na duniya, kuma abin da ya riƙe ni a kansa shi ne yadda yake jera rayuwar ɗan wasa kaka bayan kaka, tun daga ƙungiyar yara ta garinsu har zuwa gasar NHL ta Amurka da Kanada. Kowane layi yana ɗauke da sunan ƙungiya, da gasar da ta buga, da yawan wasanni, da ƙwallayen da aka ci, da taimakon da aka bayar, da jimillar maki. Mafi yawan wannan bayani kyauta ne, sai dai akwai sashen biyan kuɗi mai ƙarin kayan bincike da rahotannin masu farautar 'yan wasa. Da Turanci aka rubuta shafin, amma tunda lambobi ne suka fi yawa, mai ƙaramin Turanci ma zai gane hanya.

Amfaninsa na gaske yana bayyana ne idan mutum ya buɗe shafin matashin da aka yi wa dogon fata sannan ya dusashe. Nail Yakupov, Batatare daga birnin Nizhnekamsk na Rasha, shi ne wanda Edmonton Oilers ta ɗauka na farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2012. A kakarsa ta farko, wadda rikicin albashi ya rage ta zuwa wasanni 48, ya ci ƙwallo 17, fiye da kowane sabon ɗan wasa a shekarar. Daga nan layukan suka fara gangarowa, aka sayar da shi ga St. Louis a 2016, ya ratsa Colorado, ya koma Rasha a 2018 da ƙwallo 62 a wasanni 350. Masu sharhi da yawa sun ɗora masa laifin duka, suna cewa bai iya tsaron baya ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a shekaru huɗun da ya yi a Edmonton ya yi aiki ƙarƙashin Ralph Krueger, da Dallas Eakins, da Todd Nelson, da Todd McLellan, kowanne da nasa tsarin, kuma ban ga yadda yaro ɗan shekara goma sha tara zai koyi sana'a ba alhali ana sauya masa malami kusan kowace kaka. Shafin yana ba da damar duba masu horar da kowace ƙungiya a kowace shekara, don haka mai haƙuri zai iya haɗa wannan hoton da kansa.

Labarin Jesse Puljujärvi ɗan ƙasar Finlan ya fi ci mini rai, domin ƙungiyar ɗaya ce, wato Edmonton, ta maimaita kuskuren. An ɗauke shi na huɗu a 2016, aka riƙe shi a babbar ƙungiya yana ɗan shekara goma sha takwas, ya buga wasanni 28 da ƙwallo ɗaya tak, sannan aka tura shi Bakersfield da ke ƙaramar gasar AHL. Layukansa na shekaru uku suna kai-komo tsakanin garuruwan biyu, har ya tattara kayansa ya koma Kärpät ta birnin Oulu a 2019, inda hannunsa ya dawo nan take. Buffalo ma ta yi irin wannan da Mikhail Grigorenko a 2013: ta buga da shi har shekarar farko ta kwantiraginsa ta ƙone, sannan ta mayar da shi gasar matasa a Quebec.

Akwai dalilin da ya sa hakan ke yawan faruwa. A shekarun da waɗannan labarai suka faru, yarjejeniyar da ke tsakanin NHL da gasannin matasa na Kanada ta hana tura wanda aka ɗauko daga can zuwa AHL kafin ya kai shekara ashirin, saboda haka ƙungiya ko dai ta riƙe shi a NHL ko ta mayar da shi inda ya riga ya fi ƙarfin kowa, kuma da zarar ya buga wasa na goma kwantiragin ya fara ƙirgawa. Ƙungiyar da ke fama da shan kashi, wadda ke neman abin da za ta nuna wa masu sayen tikiti, takan zaɓi riƙewa. Wanda ya buɗe shafin Tomas Tatar zai ga akasin haka, domin Detroit ta bar shi kusan kaka huɗu a Grand Rapids da ke AHL, ya ci kofin Calder na zakarun AHL a 2013 a matsayin gwarzon wasannin neman kofin, kafin ya zauna a NHL fiye da shekara goma.

Inda shafin ya gaza shi ne babban jadawalin ba ya nuna abin da ya fi muhimmanci ga tarbiyyar matashi, wato mintuna nawa ya samu a kan ƙanƙara, da su wa aka haɗa shi, da dare nawa ya kalli wasa ba a saka shi ba alhali lafiyarsa ƙalau. Shane Wright, wanda Seattle ta ɗauka na huɗu a 2022, yana da wasanni 8 na NHL a layin wannan kaka, amma lambar ba ta faɗi makonnin da ya yi a zaune kafin a tura shi Windsor da ke gasar matasa ta Kanada ba. Don irin wannan sai an koma shafin NHL ko rahotannin 'yan jaridar garin. Ga mai bin wasan don sha'awa, sashen kyauta ya wadatar, kuma ina ba da shawarar a fara da buɗe zaɓen 2012 a bi sunaye goman farko ɗaya bayan ɗaya.